Allura Za Ta Tono Garma

Ya ku 'yan'uwa talakawa maza da mata, mutanen Unguwar Rimi da Malali da Kabala da Unguwar Sarki, da ku 'yan kasuwa masu rumfa da masu tebur da masu shimfiɗa a ƙasa, wannan mako ba maganar haraji muka kawo muku ba, ba kuwa ta kuɗin rumfa ba. Maganar allura ce. Kada wani ya yi dariya ya ce jaridar nan ta rasa abin faɗi har ta koma kan abin da bai kai tsinken tsire ba. Abin nan da bai kai tsinken tsire ba yana cin 'ya'yanku da ƙannenku da ke aiki a asibiti, yana cinsu sannu a hankali, ba mai rubuta sunansu, ba mai biyan diyyarsu, ba kuwa mai tashi a Majalisa ya tambayi dalili.

In an ce asibiti, hankalin mutum yakan tafi kan likita mai farar riga da mota. Amma likita mutum ɗaya ne cikin taro. A bayansa akwai nas, akwai ungozoma, akwai malamin ɗakin gwajin jini, akwai ɗalibai masu koyon aiki, akwai mai tura gadon mara lafiya, da mai wankin zanen gado, da mai shara, da wanda ke ɗaukar kwandon shara ya kai bayan gini. To, waɗannan 'ya'yan wane ne? Kun taɓa jin ɗan Kwamishina yana kwashe kwandon ɗakin haihuwa? 'Ya'yanmu ne. Uwar da ke sayar da kayan miya a kasuwar Unguwar Rimi ita ce ta tara kwabo bisa kwabo, ta yi adashi, ta sayar da 'yan kunnenta, ta kai 'yarta makarantar koyon jinya. Ran da yarinyar ta sa farar riga aka yi guɗa a gidan. Ba wanda ya gaya wa uwar nan cewa an ba 'yarta aikin da tsini ɗaya zai iya raba ta da hantarta.

Ga yadda abin yake faruwa. Nas ta gama yi wa mutum allura, ko ta gama ɗibar jininsa. Babu akwatin jefa allura kusa da ita, ko kuwa akwai amma ya cika har tsinaye sun leƙo waje kamar ƙayar bushiya. Sai ta ce bari ta mayar da murfin allurar tukuna. Hannu ɗaya na riƙe da murfi, ɗaya na riƙe da sirinji, mara lafiya ya motsa, ko wuta ta ɗauke, ko barci ya fizge ta domin tun jiya da yamma take tsaye, sai tsini ya kauce wa murfi ya shiga yatsa. Ko likita yana ɗinki cikin jini, allurar ɗinki ta zame. Ko askar fiɗa ta wuce daga hannu zuwa hannu a ɗakin tiyata ba a sa ta cikin tasa ba. Ko an bar allurar ƙarin ruwa cikin zanen gado, mai wanki ta zo ta tattara zane ta runguma. Ko an jefa ta cikin leda tare da ɓawon ayaba da auduga, mai shara ya ɗauki ledar ya saɓa, ta buge shi a cinya. Safar hannu ba ta tsayar da allura, sai dai ta rage jinin da zai shiga.

Ɗigon jini ne kurum yake fitowa. Mutum ya tsotse yatsa, ya ce ba kome, ya koma bakin aiki. Amma allurar nan mai rami ce, cikin ramin kuwa akwai jinin wani.

Cuta uku ne manya da ke bin wannan hanya. Kowa ya fi jin tsoron ƙanjamau, alhali kuwa ita ce mafi wuyar kamuwa cikinsu. Masana sun lissafa cewa cikin mutum 1,000 da allura mai jinin ƙanjamau ta soka, kamar 3 ne ke kamuwa. Ciwon hanta nau'in C, kusan 2 cikin 100. Amma ciwon hanta nau'in B, ga wanda ba a yi wa rigakafi ba, daga 6 har zuwa 30 cikin 100 ne, gwargwadon ƙarfin cutar a jikin mai jinin. Watau a wani hali ya ninka haɗarin ƙanjamau sau ɗari. Daɗin daɗawa, ƙwayar nan tana iya kwana 7 da ranta cikin busasshen jini, saboda haka allurar da aka yar ran Litinin tana nan da dafinta ran Lahadi. Ba ta kuwa yin gaggawa. Sai ta zauna a hanta shekara goma, shekara ashirin, mutum yana ta harkarsa, kana wata rana ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, a ce shawara ce ta yi tsanani, wasu ma su ce sammu ne. Wa zai tuna da ɗan tsinin da ya shiga yatsa tun mutum yana ɗalibi?

A shekarar 2018 an yi babban binciken jini a Nijeriya duka, aka tarar cewa cikin mutane masu shekara 15 zuwa 64, kamar 8 cikin 100 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, galibinsu ba su ma sani ba. Malam mai karatu, kai ɗan kasuwa ne, lissafi ba ya ba ka wuya. Nas ɗin da ta yi wa manya 25 allura a yini, bisa wannan ƙididdiga biyu daga cikinsu suna da cutar. Gobe ma haka, jibi ma haka, har shekara 35 ta aikin Gwamnati. Wane ɗan kasuwa ne zai yarda ya shiga cinikin da kullum sai ya sa hannu cikin ramin da ya san akwai kunama, a kan albashin da ba ya kai ƙarshen wata?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi nata lissafin a kan shekarar 2000. Ta ce cikin ma'aikatan lafiya wajen miliyan 35 na duniya, kamar miliyan 3 ne abu mai tsini ko kaifi da ya taɓa jini mai cuta yake sokewa a shekara guda. Ta ce a wannan shekara kimanin 66,000 sun kamu da ciwon hanta nau'in B ta wannan hanya, 16,000 nau'in C, 1,000 kuma ƙanjamau, kuma mafi yawansu nesa ba kusa ba a ƙasashe matalauta irin tamu suke.

Abin Da Ya Faru A Jos Da Kano Da Kaduna

Wani zai ce wannan lissafin Turawa ne. To, bari mu zo gida. Zazzaɓin Lassa a ƙasar nan aka fara gane shi, a garin Lassa na ƙasar Borno, a shekarar 1969, waɗanda ya fara kashewa a idon likitoci kuwa ma'aikatan jinya ne na mishan. A farkon 1970 cutar ta sake tashi a Jos. Akwai wata likita Ba'amurkiya a asibitin Jankwano, sunanta Jeanette Troup, wadda ta tsaya a kan marasa lafiyar nan. Tana fiɗar gawar wanda cutar ta kashe don ta gane abin da ke cin mutane, sai wuƙa ta yanke ta a yatsa. Cikin watan Fabrairu na 1970 ta rasu. A ƙasar Saliyo kuma akwai Likita Aniru Conteh, wanda ya yi shekaru masu yawa yana riƙe da ɗakin jinyar masu Lassa a asibitin Kenema, ana ganin ba wanda ya fi shi sanin cutar a Afirka ta Yamma. A watan Maris na 2004 yana ɗibar jinin wata mara lafiya allura ta soke shi. Ran 4 ga Afrilu ya cika. Ku lura, jama'a, waɗannan ba 'yan koyo ba ne, gwanaye ne na gwanaye. In tsini ya iya samun hannun Conteh, yaya yarinya 'yar shekara 19 da aka bari ita kaɗai da gado talatin cikin dare?

Jinin mara lafiya bai daina cin masu jinyarsa ba. A Janairun 2020 likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano sun rasu da zazzaɓin Lassa bayan an yi wa wata mai ciki tiyata. A Fabrairun 2024, nan cikin Kaduna, a asibitin sojoji na 44, ma'aikata uku da majinyaci ɗaya suka rasu cikin 'yan kwanaki, aka tabbatar Lassa ce. Waɗannan an ji labarinsu domin Lassa mai sauri ce, tana kashewa cikin mako biyu ko uku, 'yan jarida suka zo, manya suka yi ta'aziyya. Amma wanda ciwon hanta zai kashe bayan shekara goma sha biyar, a ɗakin haya a Hayin Banki, bayan an daɗe da sallamarsa daga aiki, shi wa zai yi wa jawabi?

Mahukunta suna da amsa uku, mun kuwa san su tun kafin su buɗe baki.

Ta farko su ce sakacin ma'aikaci ne, ai an koya masa kada ya mayar da murfi. Haka ne, an koya masa a aji. Amma in ka ce wa mutum kada ya mayar da murfi, ka kuwa hana shi wurin jefa allura, me kake so ya yi da ita? Ya sa a aljihu? Akwatin nan da muke magana ba na ƙarfe ba ne, ba na zinariya ba ne. Kwali ne mai kauri, mai cin lita 5, yana ɗaukar sirinji wajen 100, ƙa'idarsa kuwa in ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe shi a kai a ƙone. Wurinsa kusa da hannun mai allura, inda za ta miƙa hannu ta jefa ba tare da ta taka ko'ina ba. In akwati ɗaya ne a ɗaki mai gado talatin, yana can kan teburin nas, to wanda ya tsara haka shi ne mai sakaci, ba wadda ta ratsa ɗaki da tsirarar allura ba. Haka kuma wanda ya bar nas ɗaya ta yi aikin mutum uku, da wanda ya bar ɗakin haihuwa ba wuta har ungozoma ta kama wayar hannu da haƙori tana haska wurin ɗinki. Ku tambayi 'ya'yanku ko ƙarya muke yi.

Ta biyu su ce ƙaddara ce. Mun yarda da ƙaddara. Amma abin mamaki, mai faɗin haka yana da masu gadi a ƙofarsa, motarsa tana da inshora, in kansa ya yi ciwo sai Ingila ko Masar ko Dubai. Ashe ƙaddarar talaka ce kaɗai ba ta da rigakafi?

Rigakafin kuwa akwai shi. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B ta fi shekara arba'in a duniya. Sau uku ake yi: yau, bayan wata ɗaya, sai bayan wata shida, mafi yawan waɗanda suka cika ukun kuwa sun tsira daga cutar nan ko da allura ta soke su. A shekarar 2004 Nijeriya ta sa ta cikin rigakafin jarirai. Ma'anar haka ita ce duk wanda aka haifa kafin 2004 bai same ta yana jariri ba, su ne kuwa mafi yawan masu aiki a asibitocinmu yau. Wanda ya sani kuma yana da hali ya je ya biya da kuɗinsa. Mai shara fa? Ita ko labarin ba ta ji ba. Kamfanin gini ba ya sa lebura hawa bene ba hular kwano, in ya yi haka a ce ya karya doka. Don me asibiti zai sa mutum cikin jini ba rigakafi a ce ba laifi?

Ta uku ita ce tsohuwar waƙa: babu kuɗi. A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. Gwamnatin Tarayya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa cika wannan alkawari ba, shekara da shekaru tana yawo wajen kashi 5. Gwamnatocin Jihar Kaduna na 'yan shekarun nan kuwa sun sha yin alfahari cewa su sun cika. Madalla. An yi shelar gyara ƙaramin asibiti ɗaya a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 255 na jihar nan. A 2022 aka buga ganga cewa kamfanin Zipline ya fara kai magunguna ƙauyuka da jirage marasa matuƙi daga Pambeguwa. Ba mu ƙi ba, abu ne mai kyau. Amma jihar da ta iya tura magani ta sararin sama, ba ta da bakin cewa kwali ya fi ƙarfinta. Gaskiyar magana ita ce fenti da gini da jirgi ana ɗaukarsu hoto, ana yanke musu kirtani, akwai kuma kwangila mai maiƙo a ciki. Rigakafin mai shara ba ya fitowa a hoto.

Yadda Wasu Suka Yi

A Amurka ma ba don Allah masu asibiti suka gyara ba, tilasta musu aka yi. A 1998 wata nas a birnin Boston, Karen Daley, ta ɗibi jinin wani mara lafiya, ta miƙa hannu za ta jefa allurar cikin akwati, sai wata allura da ta leƙo daga cikin akwatin ta soke ta. Ta kamu da ƙanjamau da ciwon hanta nau'in C gaba ɗaya. Ba ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa ba. Ta fito ta faɗi sunanta, ta tsaya gaban 'yan majalisa, ƙungiyoyin ma'aikatan jinya suka mara mata baya, har a watan Nuwamba na 2000 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan doka. Dokar ta tilasta wa asibitoci sayen allurai masu kariya, irin waɗanda tsininsu ke komawa ciki ko murfi ya rufe shi da kansa da zarar an gama. Ta tilasta musu ajiye littafin da za a rubuta kowane rauni. Ta kuma ce wajen zaɓen irin allurar da za a saya sai an ji ta bakin masu riƙe ta da hannunsu, ba manyan ofis kaɗai ba. Shekara guda bayan haka raunukan suka ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Ƙasashen Tarayyar Turai suka yi tasu a 2010. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta roƙi ƙasashe duka su koma kan irin waɗannan allurai kafin 2020. Shekarar 2020 ta zo ta wuce. Ku leƙa ledar da ake aikenku ku sayo a kemis ɗin bakin asibiti, ku ga wace irin sirinji ce a ciki.

Mu ma fa ba mu rasa doka a takarda ba, a wajen rubuta doka ai ba a bar mu a baya ba. Tun 2007 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da manufa kan tsaron allura da zubar da sharar asibiti. A 2010 aka yi Dokar Diyyar Ma'aikata, wadda ta ce kowane mai ɗaukar ma'aikata, Gwamnati ko ɗan kasuwa, ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya cikin asusun hukumar NSITF, don a biya wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta a bakin aiki. Ku riƙe wannan da kyau: dokar ba ta ware ma'aikacin wucin gadi ba, ba ta ware ɗan koyo ba, ko da baki aka ɗauke shi aiki. Ta ce ma'aikaci ya sanar da mai gidansa cikin kwana 14, shi kuma mai gida ya kai rahoto cikin kwana 7. To, nan ne gizo yake saƙa. In ba a rubuta ranar da allura ta soke ka ba, yaya za ka tabbatar bayan shekara biyar cewa a bakin aiki ka samo cutar? Sai a ce ai wurin wanzami ka kwaso, ko a yi maka wani ƙazafin da ya fi wannan muni. Rashin littafi riba ce ga mai biya.

Su kuwa ma'aikata suna da dalilin yin shiru. Nas tana tsoron a ce ba ta iya aiki ba. Ɗaliba tana tsoron malaminta. Mai aure tana tsoron a gwada jininta magana ta fita ta riga ta zuwa gida. Wanda ya fi kowa tsoro shi ne mai shara, domin asibitoci da yawa sun miƙa shara ga 'yan kwangila, shi ba ma'aikacin asibiti ba ne a takarda, ba ya cikin ƙungiya, ba a kiransa taron horo, mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ma da yawansu a rediyo suke jinsa. In ya ce uffan, gobe wani ne a kan tsintsiyar. Mu kam muna da tambaya ga ƙungiyoyin likitoci da na ma'aikatan jinya da na sauran ma'aikatan lafiya: kun sha tafiya yajin aiki a kan alawus, haƙƙinku ne, ba mu hana ba. Yaushe za ku tsaya irin wannan tsayuwa a kan akwati da rigakafi da littafi, har da na mai sharar da ba ya biyan ku kuɗin ƙungiya?

Allurar kuma ba ta tsayawa a asibiti. In ba a ƙone ta a tanderun da ya dace ba, bola za ta. Manyan asibitoci a gefe, ƙananan asibitocin kuɗi da kemis-kemis da ke kowane lungu na Unguwar Rimi da Badarawa da Kawo, ina suke kai tasu? Yaron da ke tonon bola da hannu yana neman roba da ƙarfen da zai kai Panteka, da almajirin da ke tafiya ba takalmi, da yaran da ke tsintar sirinji suna wasan fesa ruwa, duk sun shiga layin. In ruwan sama ya zo ya kwashe sauran ya bi kwata da su zuwa Kogin Kaduna, inda wasu ke wanki wasu ke ban ruwan lambu. Hukumar KEPA, da aka kafa don tsare muhallin jihar nan, ta san hanyar rumfar mai tumatir in ana maganar tsabta. Muna so mu ji ta san hanyar waɗannan wurare.

Mu ma talakawa akwai namu a ciki, ba za mu ɓoye ba. Mutum ya je asibiti, likita ya rubuta masa ƙwaya, sai ya fito yana ƙunƙuni wai ba a duba shi ba tun da ba a yi masa allura ba. Ya zarce kemis ya ce a yi masa mai zafi. Yawancin cututtukan da muke kaiwa, ƙwaya tana yi musu abin da allura za ta yi. Kowace allurar banza tsini ɗaya ne da aka ƙara a hanyar 'yar wani. Ƙasar Masar ta ɗanɗana: daga shekarun 1950 zuwa na 1980 an yi ta yi wa mutanen ƙauye allurar tsargiya da sirinjin da ba a dafa sosai ba, aka wayi gari ƙasar tana cikin waɗanda suka fi kowa ciwon hanta nau'in C a duniya, sai da ta kashe dukiya mai yawa kafin ta shawo kansa. Haka kuma mai jinya da ke tsaye a kan nas yana yi mata tsawa tana neman jijiyar yaro, ka sani hannun da ke rawa shi allura ta fi samu.

Yanzu ga saƙon da za ku kai gida, ku gaya wa duk wanda kuke da shi a asibiti, ko da mai gadi ne. In allura ko aska ta same shi, ya wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu. Kada ya tsotsa, kada ya matse da ƙarfi, kada ya zuba Hypo ko wani ruwa mai cin fata. Ya faɗa wa shugaban ɗakin a wannan sa'a, ya tsaya sai an rubuta rana da lokaci, ya kuma riƙe tasa takardar. A gwada jininsa, a gwada na mara lafiyar. Akwai maganin da ke tare ƙanjamau kafin ta zauna, ana shansa kwana 28, amma sai an fara cikin sa'a 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Wanda allura ta soka ran Juma'a da dare aka ce ya dawo Litinin in mai mabuɗi ya zo, an cinye masa kusan dukan lokacinsa. Ga ciwon hanta nau'in B, wanda ba shi da rigakafi a fara masa a ranar, akwai kuma wata allura ta musamman da ake haɗawa da ita wadda ta fi aiki cikin sa'a 24. Nau'in C ba shi da rigakafi, amma yanzu ana warkar da shi da ƙwaya cikin kamar mako 12 in an gane shi, ba kuwa za a gane ba sai an koma gwaji bayan 'yan watanni.

Ranka ya daɗe Kwamishinan Lafiya, da ku 'yan Majalisar Dokoki da ke zaune a Lugard Hall, musamman mai wakiltar mazaɓarmu, ga abin da muke so ku amsa a fili, ba a bayan labule ba. Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke kan titin Lafiya, wanda tsofaffinmu har yau suke kira Nursing Home, yana ɗauke da sunan likita na farko ɗan Arewa, can ne kuma ake koya wa ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna aikin likita. Akwai na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, akwai na Gwamna Awan a Kakuri, akwai sauran manyan asibitoci da ƙanana 255. Cikin dukan ma'aikatansu, har da na 'yan kwangila da ɗalibai, mutum nawa ne suka cika rigakafi uku? Mutum nawa allura ta soka bara, a wane littafi aka rubuta? Nawa ne cikinsu suka sami magani kafin sa'a 72 ta cika? Ƙarfe biyun dare ran Asabar, a hannun wa mabuɗin maganin yake? Jihar nan tana zuba kashi 1 ɗin nan na diyya, 'yan kwangilar shara kuma suna zubawa? Ma'aikaci nawa aka taɓa biya?

Muna neman a kawo doka gaban Majalisa wadda za ta hana ɗaukar kowa aiki a asibiti, na Gwamnati ko na kuɗi, sai an yi masa rigakafi kyauta, ta sa akwati a gefen kowane wurin allura, ta tilasta littafi, ta kuma hana korar wanda ya kai rahoto. Ku kuma shugabannin 'yan kasuwar Unguwar Rimi da na Kasuwar Sheikh Gumi, da kwamitocin lafiya na mazaɓu da aka ce talakawa ne a ciki, ku sa wannan magana a taronku na gaba. Duk ɗan siyasar da ya zo rumfarku da atamfa da sabulu, ku karanta masa tambayoyin nan shida ɗaya bayan ɗaya. Amsar da ya bayar ku aiko mana da ita, za mu buga ta da sunansa.